Gwaggo ta ce ruwa ne: fashin baƙi kan masu cutar mantuwa da wuraren shaƙatawa

Bikin 'yar yayata ne, shekara biyu kenan. An kama ɗakin taro irin na yanzun nan, mai farin tayil yana ta ƙyalli kamar an shafe shi da mai, ga wani baƙin kafet na goge ƙafa shimfiɗe a bakin ƙofa. Ni na riƙo hannun Gwaggo daga mota, yayar mahaifinmu ce, lokacin ta haura tamanin kuma ta kai wajen shekara uku tana fama da mantuwa. Muna isa bakin ƙofa ta ja ta tsaya cak. Na ce Gwaggo mu shiga mana, ta ce ɗan nan rami ne fa a nan, so kake in faɗa? Na sa ƙafa na ture kafet ɗin gefe, ta leƙa ciki sai ta tattare zaninta zuwa ƙwauri, ta ce ai ruwa suka malala, wa zai taka wannan. Bayanmu layi ya taru, mai tsaron ƙofa sai cewa yake Hajiya a matsa a ba mutane hanya, ciki kuma lasifika na dukan ƙirji ga fitilu ja da kore suna ta wulgawa. Ko minti goma ba mu yi ba na mai da ita mota, jikinta na ɓari tana tambayata ina innarta, innar da ta rasu tun kafin a haife ni. Daga ranar gida ya yanke hukunci ba tare da an ko zauna ba, a dinga barin Gwaggo a gida, fita ba ta karɓe ta ba.

Na daɗe ina ganin hukuncin nan daidai ne, sai daga baya da na fara bin diddigin yadda gidajen tarihi da gidajen wasan kwaikwayo na wasu ƙasashe suka tunkari matsalar, a nan na gane cewa duk abun da ya kori Gwaggo ranar nan, kafet ɗin da tayil ɗin da ƙarar da gaggawar mai tsaron ƙofa, su can sun san su ɗaya bayan ɗaya, sun rubuta su, kuma mafi yawansu gyaransu ba ya cin wani kuɗi.

Mu fara da cutar kanta. Mu dai gigin tsufa muke cewa, ko mu ce tsohuwa ta ruɗe, likitoci kuma dimenshiya suke ce mata, kuma abu na farko da za su gaya maka shi ne tsufa daban wannan daban, cuta ce da ke cin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Iri-iri ce, wadda ta fi yawa ita ce Alzheimer, sunan likitan Jamus ɗin da ya fara bayaninta a 1906, ita ke da kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na masu ciwon. Akwai kuma wadda toshewar jijiyoyin jini ke kawowa, wannan ta shafe mu sosai ganin yadda hawan jini da shanyewar ɓarin jiki suka yi mana katutu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke ɗauke da ita, duk shekara ana samun sababbi kusan miliyan 10, kuma sama da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke, wato ba ciwon Turawa ba ne kamar yadda wasu ke ɗauka.

Inda sunan cutar mantuwa yake ɓatar da mu shi ne muna zaton mantuwar ce kaɗai. Idon mutum zai iya zama garau amma ƙwaƙwalwar da ke fassara abun da idon ya gani ta samu tangarɗa, sai baƙin abu a ƙasa ya zama rami, daɓe mai sheƙi ya zama ruwa, kafet mai zanen furanni ya zama tarkacen da ya kamata a tsince, matakalar da ba a bambanta bakinta da wani launi ba ta haɗe ta zama shimfiɗa ɗaya. Haka kunne, ni da kai in muna hira a kasuwa ƙwaƙwalwarmu na tace hayaniya ta bar mana muryar wanda muke magana da shi, shi kuwa mai ciwon duka suke zubo mishi lokaci guda, janareto da kiɗa da kukan yaro da maganarka. Ga kuma ruɗewar da ke ƙaruwa wa da yawansu daga la'asar sakaliya zuwa magariba, abun da a gidajenmu nan da nan ake cewa iska ce, alhali likitoci sun daɗe da saninsa a matsayin ɗabi'ar ciwon. Bikin da na kai Gwaggo bayan la'asar aka fara shi.

To sai mutum ya fara janyewa. Ya daina zuwa majalisa don ya ji kunya ranar da ya kasa kawo sunan amininsa, iyali su daina fita da shi don gudun abun magana, mai jinyarsa ita ma ta shiga kulle tare da shi, kuma yawanci mace ce, 'ya ko suruka ko jika. Kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya lissafa kaɗaici cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin kamuwa da ciwon tun farko, to ina ga wanda ya riga ya kamu aka kuma rufe shi a ɗaki.

Akwai maganar da na sha ji, ni ma na taɓa faɗinta: ai ko an kai ta mantawa za ta yi, meye amfanin wahalar. A 2014 masu bincike a Jami'ar Iowa ta Amurka sun gwada wannan. Sun ɗauki mutum 17 masu Alzheimer suka nuna musu guntayen finafinai, wasu na ban tausayi wasu na ban dariya. Bayan ɗan lokaci kaɗan yawancinsu ba sa iya kawo abun da suka kalla sai ɗan tsiraru, wani ma bai tuna an nuna mishi wani fim ba, amma baƙin cikin ko farin cikin yana nan tare da su har tsawon rabin awa da aka bi su ana aunawa. Mutum 17 ba yawa ne da su ba, na sani, amma duk wanda ya yi jinya ya san gaskiyar abun. Gwaggo ta manta da bikin nan kafin mu isa gida, amma a daren ba ta ci tuwo ba, ba ta kuma yi barci ba. In tsoro na iya kwana a jikin mutum bayan ya manta dalilinsa, to daɗi ma haka.

Wurin da ya fi burge ni a wannan harka shi ne MoMA, babban gidan zane-zanen zamani na birnin Niyok. A 2006 suka fara wani shiri mai suna Meet Me at MoMA, sau ɗaya a wata, kuma suka sa shi ranar Talata don a lokacin ranar ce gidan ke rufe ga jama'a, ka ga ba turmutsutsu ba hayaniya. Ana raba mutane ƙungiya-ƙungiya, masu ciwon kamar takwas kowa da ɗan rakiyarsa, a liƙa wa kowa sunansa a ƙirji da manyan baƙaƙe don kar wani ya shiga kunyar manta suna, a ba su kujerun tafi-da-gidanka, sannan a cikin awa ɗaya da rabi zane huɗu ko biyar kawai za a tsaya a gabansu. Ba zagaye gida duka ba. Amma ainihin sirrin yana cikin irin tambayar da jagoran yake yi. Ba zai ce wa ya zana wannan ba, ba zai ce kin tuna mun ga wannan wancan watan ba. Cewa zai yi me kuke gani a nan, wane launi ne ya fi yawa, matar nan ta cikin hoton kuna ganin murna take ko damuwa. Tambaya ce da amsarta ke rataye a bango a gaban kowa, ba sai an je an tono ta a ƙwaƙwalwa ba, kuma ba wanda zai faɗi jarrabawar. In tsoho ya ce shi jirgin ruwa yake gani alhali gida aka zana, jagoran sai ya ce nuna mana inda ka gan shi, hira ta ci gaba daga nan.

Ku tsaya ku yi tunanin yadda muke gaida masu wannan ciwon. Gwaggo kin gane ni? To wane ne ni? Faɗi sunana in ji. Wallahi da zuciya ɗaya muke yi, amma jarrabawa ce muke ɗora mata sau ashirin a wuni, duk wanda ya shigo sai ya yi mata tasa, kuma tana faɗuwa a gaban yara. Shirin MoMA ya cire wannan gaba ɗaya, sai ga shi miji da mata da suka yi shekaru ba abun da ke haɗa su sai magani da wanka da ka ci abinci, sun zauna kafaɗa da kafaɗa suna musu a kan hoto kamar da. Masu bincike daga Jami'ar Niyok sun bibiyi shirin, suka samu cewa yanayin zuciyar masu ciwon da na masu jinyar duka yana ɗagawa bayan ziyarar. Daga 2007 zuwa 2014 gidan ya yi ta koyar da wasu gidajen tarihi salon, har ya kai Holan inda gidan Stedelijk na Amsterdam da Van Abbemuseum suka fara nasu a 2013.

Sai maganar ginin kansa. Jami'ar Stirling da ke Sikotilan na da cibiya tun 1989 da ta shahara a kan yadda za a tsara wuri don masu wannan ciwon, kuma shawarwarinsu in ka karanta sai ka ce ai wannan hankali ne kawai. Daɓe ya zama launi ɗaya mara sheƙi mara zane, kar a sa baƙar shimfiɗa a bakin ƙofa, in za a sa to ta yi kama da launin daɓen. Haske ya wadata don idon tsoho na buƙatar ninki biyu ko fiye na abun da matashi ke buƙata, kuma kar a bar lungu mai duhu ko inuwa tana ratsa hanya. Abun da ake so mutum ya gani a bambanta launinsa, ƙofar banɗaki, bakin matakala, ƙarfen dafawa, kujera ta fita daban da bango. Allon nuna hanya a sauko da shi daidai ido don tsofaffi ƙasa-ƙasa suke kallo, a haɗa rubutu da hoto na gane-da-ido, a kuma manna shi a jikin ƙofar da yake nufi ba a gefe ba. Madubi ma matsala ne, wani in ya ga kansa ba ya gane fuskar, sai ya ɗauka akwai baƙo a banɗakin ya fasa shiga. Wanda ban taɓa kawowa a raina ba shi ne alamar hanyar fita a cikin banɗakin, saboda mutum zai shiga lafiya ya juyo ya ga ƙofofi huɗu iri ɗaya ya rasa wacce ya shigo ta ita, ya tsaya nan yana kuka. Takarda ɗaya da aka rubuta FITA ta magance wannan. Ƙungiyar Alzheimer's Society ta Birtaniya ta tattara irin waɗannan cikin wani ɗan jagora da ta fitar wa gidajen fasaha a 2015.

Gidan wasan kwaikwayo ya fi gidan tarihi wuya, don shi dokarsa ita ce a kashe fitila kowa ya yi tsit awa biyu, wanda ya yi motsi a harare shi. A Disambar 2014 gidan wasa na birnin Leeds, lokacin ana kiransa West Yorkshire Playhouse, ya yi wasan farko a Birtaniya da aka tsara musamman don masu cutar mantuwa, wata ma'aikaciyarsu Nicky Taylor ce ta jagoranci abun. Wasan dai shi ne wanda kowa ke kallo, ba a mai da shi na yara ba, abun da aka taɓa shi ne kewayensa. An rage ƙarar da ke fashewa ba zato, an sassauta walƙiyar fitilu, an bar ɗan haske a wajen 'yan kallo, an bar wurin motsi don wanda yake son tashi ya tashi ya dawo, an ware ɗaki mai shiru ga wanda abun ya yi wa yawa, an ƙara ma'aikata a hanyoyi. In tsohuwa ta ɗauki waƙa tare da 'yan wasa ko ta yi magana da ƙarfi ba mai cewa ta yi shiru. Abun da ya fi min muhimmanci shi ne ba zama suka yi a ofis suka yanke ba, masu ciwon aka tambaya me ke damunku me kuke so a canza. Har a 2018 gidan ya yi wani biki na wasanni, Every Third Minute, wanda masu ciwon da masu jinyarsu ne suka zaɓi abun da za a nuna. Gidajen silima da dama a ƙasar sun bi wannan sahu, su sa fim da rana, a cire tallace-tallacen farko, a yi hutun rabin lokaci a sha shayi.

Akwai kuma hanyar kaya da waƙa, wadda ita ce ta fi kusa da mu. Ciwon Alzheimer yakan fara ne da ɓangaren ƙwaƙwalwa mai ajiye sabon abu, shi ya sa abincin safe ke ɓacewa amma ranar da aka kai ta ɗakin miji tana nan daram. Masana halayyar ɗan Adam sun lura cewa abun da mutum ya fi riƙewa shi ne na tsakanin shekara 10 zuwa 30 na rayuwarsa, kuma waƙar da aka sani tun ƙuruciya tana cikin abubuwan da ke jurewa har ciwo ya yi nisa. A kan wannan gidajen tarihi na Libaful suka gina shirinsu House of Memories a 2012, suna horar da masu jinya, suna ba da aron akwatuna cike da kayan da, tsofaffin hotuna da sabulu da kuɗin da aka daina kashewa, a kai wa tsofaffi su taɓa su sansana, daga baya suka yi manhajar waya. A garin Aarhus na Denmak gidan tarihin Den Gamle By ya shirya gida sukutum irin na shekarun 1950, baƙi su shiga su zauna a falo a dafa musu kofi yadda ake yi a da. A Sikotilan kuwa ƙwallo suka kama, tun 2009 ake tara tsofaffin maza ana baje musu hotunan 'yan wasan da, sai ka ga mutumin da ya wuni bai ce uffan ba yana jero sunayen 'yan wasa. Da na karanta wannan sai na tuna dattawan Kano da suka ga zamanin Raccah Rovers, ƙungiyar da ta ci kofin lig na Najeriya a 1978, wa ya taɓa zama da su da hoto a hannu? Waƙa ma haka, shirin rera waƙa cikin rukuni na Singing for the Brain ya faro ne a Ingila a 2003, yanzu ya bazu ƙasar.

Sai dai a nan akwai wurin taka-tsantsan guda biyu. Na farko ba kowane tuni ne mai daɗi ba, hoto ɗaya zai iya tono mutuwar ɗa ko yaƙi ko auren da aka sha wuya, don haka mai jagorantar zaman dole ya iya karanta fuska ya san lokacin da zai sauya magana. Na biyu kayan su zama na mutumin ne. Akwatin da aka cika da kayan Baturen Libaful ba abun da zai gaya wa dattijon da ya taso a Yaman ya zo Ingila da girmansa, su ma sun gane haka, shi ya sa suka zauna da al'ummar Yamalawan birnin aka haɗa musu nasu. Kuma da yawa masu ciwon in ya yi nisa harshen da suka koya da girma yana zubewa su koma na uwa, wannan ya shafi duk Bahaushen da ya tsufa a Landan ko Jidda.

Duk gyaran gini in ma'aikaci bai san abun da ke gabansa ba aikin banza ne. Ni ban riƙe mai tsaron ƙofar nan a zuciya ba, ba wanda ya taɓa gaya mishi cewa tsohuwar da ta toge a bakin ƙofa rami take gani. Japan ta nan ta fara. A 2004 gwamnatinsu ta sauya wa ciwon suna gaba ɗaya, don tsohuwar kalmar chiho tana ɗauke da ma'anar wauta, aka koma ninchisho, wato matsalar fahimta. A 2005 suka fara ba talakawan gari horo na kamar awa ɗaya da rabi, mai kanti da direba da ma'aikacin banki da ɗan makaranta, wanda ya gama a ba shi abun hannu ruwan lemo, kuma zuwa 2018 sun haura mutum miliyan 10. Ingila ta kwaikwaya a 2013 da shirin Dementia Friends. Abun da ake koyarwa ba wani mai zurfi ba ne, ka zo wa mutum ta gaba ba ta baya ba, ka faɗi ko kai wane ne kafin ya fara lalube, magana ɗaya a lokaci ɗaya, ka jira amsa ko da ta ɗau lokaci, in yana lissafin kuɗin tikiti ya rikice kar ka ƙwace ka ƙirga mishi, kuma ka yi magana da shi, kar ka tsallake shi ka tambayi ɗan rakiya me yake so kamar ba ya wurin. A Tokiyo a 2017 har gidan abinci na ɗan lokaci aka buɗe wanda masu kawo abincin duka masu ciwon ne, an gaya wa kowa tun daga ƙofa cewa za a iya kawo maka abun da ba shi ka ce ba. Ina da ɗan ɗar-ɗar da wannan, don tsakanin girmama mutum da mai da shi abun kallo tazarar ba ta da yawa, amma dai ya nuna cewa mai ciwon na iya zama mai yi wa wasu hidima, ba kullum wanda ake yi wa ba.

Kar kuma in zuzuta abun ya wuce gona da iri. Ba zane ba waƙa ba wasan kwaikwayo da ke warkar da wannan ciwo ko ya tsayar da shi, duk wanda ya ce maka haka tallar wani abu yake. Binciken da ake da shi yawanci a kan mutane ƙalilan ne na gajeren lokaci, abun da ya nuna shi ne sauƙin rai da raguwar ƙunci da ɗan numfashi ga mai jinya, kuma a ganina wannan ya isa dalili. Sannan ina da ƙorafi a kan tsarin ware rana ta musamman, don in gida ya yi wa masu ciwon Talata ɗaya a wata, sauran kwana 29 fa? Rana ta musamman ƙofar shiga ce mai kyau ga wanda ke jin tsoro, amma wurin da ya gyara daɓensa da allunansa da halin ma'aikatansa kullum ya fi, kuma gyaran zai amfani mai raunin gani da mai sanda da mai goyo. Akwai kuma matsalar kuɗi, yawancin shirye-shiryen nan da tallafi suke tafiya, tallafin ya ƙare shiri ya mutu, ga kuɗin mota da wanda zai raka, wanda ke nufin sau da yawa masu hali ne ke amfana.

Mu nan ba gidan zane ne wurin shaƙatawarmu ba, duk da muna da Gidan Makama a Kano da gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai cike da kayan da tsofaffinmu suka yi rayuwa da su, waɗanda safiya ɗaya mai shiru da 'yan kujeru za ta isa a fara wani abu. Namu wuraren su ne gidan biki da gidan suna da majalisar ƙofar gida da wajen kallon ƙwallo da filin hawan salla, kuma ba gwamnati ke riƙe da su ba, mu ne.

Watanni bayan bikin nan aka yi suna a gidan ƙanina, na ce sai an zo da Gwaggo, aka yi ta ja-in-ja kafin a yarda. Da hantsi muka kawo ta kafin gida ya cika, muka sa ta a ɗakin da ke can ƙurya nesa da lasifika, aka shimfiɗa tabarma a kan tayil tun daga bakin ƙofa har ciki, aka rufe madubin jikin sif da zani. Na roƙi mata su dinga shiga biyu-biyu, kuma kowa ta faɗi sunanta da na uwarta da bakinta, kar wadda ta ce kin gane ni. Wata ƙanwar babanmu ta zo da tsofaffin kwallaye da tasoshi na jeren ɗakinta da faifai guda biyu ta ajiye a gabanta ba ta ce komai ba. Gwaggo ta daɗe tana kallonsu, ta ɗau murfin kwalla ɗaya ta juya shi ta shafa furen da ke jiki, can sai ta ce wa ya yi wannan jeren, ai ba haka ake yi ba, babbar ce a ƙasa. Ta sa aka rushe aka sake tana nunawa da yatsa, tana faɗa wa 'yan matan da ke wurin cewa su ba su iya komai ba, suna dariya tana dariya. Da aka miƙo mata jaririyar ta karɓe ta da hannu biyu yadda ta karɓi dukkanmu, ta tofa mata addu'a tiryan-tiryan ba inda ta yi tuntuɓe, sannan ta ɗauko wata waƙar reno da ba wanda ya san ta a ɗakin sai ƙanwar babanmu, su biyu suka rera ta har ƙarshe. Kafin azahar muka mai da ita gida. A mota ta tambaye ni daga ina muke, na ce daga gidan suna Gwaggo, ta ce Allah ya raya, na wa? Na gaya mata. Ta sake tambaya sau biyu kafin mu iso, tana ta kaɗa yatsu a gwiwa da amon waƙar nan, da daddare kuma ta cinye tuwonta ta nemi ƙari.